Ƙanena ya buɗe min shafin kasuwanci, amma makullin yana hannunsa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, ina ɗinka jakunkunan hannu na mata a gida, kusan shekara uku ke nan. Da farko a shafina na Instagram nake saka hotuna, shafin kuma a kulle yake, 'yan uwa da ƙawaye kaɗai ke gani. Bara ƙanena da ke jami'a, wanda ya fi ni sanin harkar waya, ya ce bari ya buɗe min shafin kasuwanci na daban. Na yi murna sosai. Ya buɗe da imel ɗinsa da lambarsa, ya haɗa shi da shafin Facebook. Shi ke saka hotuna, shi ke amsa saƙonni, in an yi oda ya turo min. Gaskiya ya yi ƙoƙari, mabiya sun haura dubu huɗu, kuma ban taɓa ba shi komai ba. Yanzu karatu ya sha masa kai, saƙo sai ya kwana uku ba a amsa ba, har mata biyu sun fasa oda. Na ce ya ba ni kalmar sirri, ya ce zan ɓata masa tsari, in bari ya gama jarrabawa. Da na matsa sai ya ce, "To ai ni na gina shafin." Maganar ta tsaya min a rai. Mama ta ce kada in bari abin duniya ya shiga tsakanina da ɗan uwana. Maigidana kuma ba ya so lambata ta fita fili kowa ya riƙa kirana, ya fi son a bar shafin a hannun ƙanen nawa. Ni kuma ina tunanin ko in mayar da shafina na kaina ya zama na kasuwanci in huta, ko in buɗe sabo a ɓoye in fara daga farko. Ban iya waɗannan abubuwa sosai ba, kuma ba na son rigima. Ina mafita?

Daga wata mai ɗinki (an sakaya suna)

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara wa sana'a albarka. A ce mace ta zauna gaban keke tana yanka tana haɗawa har mutum dubu huɗu su tsaya kallon aikin hannunta, ba ƙaramin abu ba ne. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi daɗewa shi ne inda kika ce maganar ƙanenki ta tsaya miki a rai. Dole ta tsaya. Ke kika san ciwon baya da sukar allura da ke cikin kowace jaka a hotunan nan, sai ga shi kina jiran izini kafin ki ga saƙon mai son saye. Kada ki ɗauki damuwarki a matsayin butulci. Mai shago in ta ce a ba ta makullin shagonta, ba ta yi wa kowa laifi ba.

Bari in fara da abin da ban ga alamar kin lura da shi ba. Kin roƙi kalmar sirri, alhali ita ce mafi ƙanƙanta cikin abin da kike buƙata. Instagram da Facebook ba su san wa ke ɗinka jaka ba. A wurinsu, mai riƙe da shafi shi ne wanda imel ɗinsa da lambar wayarsa ke jikin asusun, domin duk ranar da aka manta kalmar sirri ko aka nemi sauya ta, can ake tura saƙon tabbatarwa. Ko yau ƙanenki ya rubuta miki ita a takarda, gobe zai iya sauya ta cikin minti biyu, ke kuwa ba ki da ta yi. Ban ce zai aikata ba, domin ban ga mugun nufi a tare da shi cikin abin da kika rubuto ba. Amma ba sai da mugun nufi ake asarar shafi ba. Wayarsa za ta iya ɓata. Zai iya ajiye layin ya daɗe ba ya aiki, kamfanonin sadarwa kuma sukan karɓe irin wannan layi su bai wa wani. Zai iya latsa ɗaya daga cikin saƙonnin damfara da ake yawan aika wa shafukan kasuwanci, masu cewa daga kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, suke, wai an kai ƙarar shafin kuma za a rufe shi cikin awa 24 in ba a shigar da bayanai ba. Ɗalibi mai fama da jarrabawa, yana duba waya da tsakar dare ido cike da barci, irinsa 'yan damfarar ke farauta. Duk wanda ya faru cikin waɗannan, aikin shekara guda ya tafi, kuma ranar ce za a yi rigimar da kike gudu, har da wadda ta fi ta.

Sai mu dubi abin ta ɓangaren ƙanenki, domin shi ma yana da tasa. Shekara guda yana ɗaukar hoto, yana rubuta bayani, yana amsa "nawa ne?" daga mutanen da ba saye za su yi ba, yana ƙona datarsa, ba a ba shi komai ba, shi ma bai nema ba. Ribarsa ita ce jin cewa ya yi wa yayarsa abin kirki kuma ana buƙatarsa. Da kika ce ya ba ki kalmar sirri, abin da ya shiga kunnensa shi ne, ka gaza, ba ni kayana. Ga kunyar odar da aka rasa, wadda ya fi kowa sanin daga wurinsa aka samu sakaci. Yaro in kunya ta kama shi, yakan fake da gadara. Maganarsa kuwa rabinta gaskiya ce: shi ya gina shafin, ke kika ɗinka abin da aka zo kallo. In kin yarda masa da nasa rabin da bakinki, a gaban idonsa, zai fi sauƙin sakar miki naki.

Don haka a ganina ki raba aikin gida biyu. Na farko na gaggawa ne, ba ya jiran jarrabawa, kuma ba ya buƙatar kalmar sirrinsa ko kaɗan. Tunda ya haɗa Instagram ɗin da shafin Facebook, a saitin shafin akwai wurin da ake ƙara masu kula da shi. Zai nemo sunanki ya aika miki gayyata, ki karɓa daga naki asusun na Facebook, da taki kalmar sirrin. In ba ki da asusu, ki buɗe ɗaya da sunanki na gaskiya. Izinin nan hawa-hawa ne: akwai cikakken iko, akwai kuma wanda ya tsaya ga ayyuka irin su saka hoto da amsa saƙo da sharhi. A yanzu ƙaramin ya ishe ki. Sai ki sauke manhajar Meta Business Suite, kyauta ce, tana tara saƙonnin Messenger da na Instagram a akwati ɗaya, muddin ya kunna izinin ganin saƙonni a saitin Instagram ɗin. Kin ga ke nan zancen za ki ɓata tsari ya faɗi, tunda ba tsarin za ki taɓa ba. Ki same shi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ce masa wani abu kamar haka: "Na san karatu ya yi maka yawa, kuma ban kyauta ba da na bar maka wannan nauyi kai kaɗai. Ba sai ka ba ni komai naka ba. Ka buɗe min ƙofar saƙonni kawai in riƙa amsawa, sauran in ka gama jarrabawa mu zauna." Aikin minti goma ne, kuma sauƙi ne a gare shi kafin ya zama sauƙi a gare ki.

Na biyu shi ne miƙa makulli, kuma ku sa masa rana tun yanzu, misali mako guda bayan takardarsa ta ƙarshe, don kada ya zama "sai an kwana biyu" har abada. Kafin ranar, ki buɗe sabon imel da sunan sana'ar, ke da hannunki, ki kuma sayi sabon layi da aka yi wa rajista da sunanki. Ranar zama ku ajiye wayoyinku biyu a gabanku, ku bi abin daki-daki. A fara sauya imel ɗin da ke jikin asusun Instagram zuwa sabon, ki buɗe saƙon da za a turo ki tabbatar. A sa sabuwar lamba, a cire tasa. Sannan ki sauya kalmar sirri, ki kunna kariya mai mataki biyu, wato wadda ke neman wata lamba ta musamman duk lokacin da aka shiga daga baƙuwar waya. Za a ba ki wasu lambobin ko-ta-kwana na ranar da waya ta ɓata. Ki kwafe su a takarda ki adana inda kike adana muhimman takardunki, kada ki bar su hoto a cikin wayar da ita ce za ta iya ɓatan.

Akwai wasu ƙananan ƙofofi da mutane kan manta, su ne kuma ke kawo ciwon kai daga baya. Meta tana da wata cibiyar asusu inda mutum ke haɗa Facebook ɗinsa da Instagram har ya riƙa shiga ɗaya ta hanyar ɗayan. In ƙanenki ya haɗa shafin kasuwancin da Facebook ɗinsa na kansa a can, a raba su. In ya taɓa buɗe babban asusun kasuwanci na Meta, wanda aka fi sani da Business Manager, ya sa shafin a ƙarƙashinsa, to a nan ma sai ya ba ki cikakken iko, domin wannan asusun ne ke riƙe da shafin. In ya taɓa biyan kuɗin talla, ku duba katin wa ke jiki, a cire nasa, in akwai abin da ya kashe ki biya shi. Sai batun shafin Facebook ɗin kansa. Ki sani cewa duk mai cikakken iko yana iya cire kowa, har wanda ya ba shi ikon, yana kuma iya goge shafin gaba ɗaya. Saboda haka ke za ki riƙe cikakken, shi ya koma kan izinin aiki. Wannan ba rashin yarda ba ne. Ko da an yi wa asusunsa kutse wata rana, ɓarawon ba zai iya fitar da ke daga shafinki ba.

Kada kuma ki je zaman nan hannu sake. Ki riƙa masa wani abu na godiya a kan shekarar da ta wuce, gwargwadon ƙarfinki, ki kuma ba shi aiki mai suna in yana so: shi ne mai hoto da bidiyo, da ɗan kaso a kan kowace jaka ko wani abu duk wata, da kuɗin data. Ku rubuta a takarda, ko layi huɗu ne. Aikin kyauta tsakanin 'yan uwa yana da daɗi a farko, amma shi ke sa mai yi ya ji yana bin bashin da ba a faɗa ba, wanda aka yi wa kuma ya kasa buɗe baki ya yi gyara. Ku biyun nan abin da ya same ku ke nan.

Dabarunki biyu kuwa, ta farko ki ajiye ta. Asusun kasuwanci a Instagram ba ya zama a kulle. Ranar da kika mayar da shafinki na kanki na kasuwanci, zai buɗe ga kowa, duk masu jiran ki amince su bi ki za a karɓe su kai tsaye, hotunan iyali da kika saka don 'yan uwa su zama abin kallon duniya. Abin da maigidanki ke tsoro ke nan, ninki biyu. Ta biyu, buɗe sabo a ɓoye, ita ma tana da tsada. Ba a kwashe mabiya daga wani shafi a kai wani, sunan da aka san ki da shi yana jikin tsohon, kuma shafi biyu masu hotuna iri ɗaya suna sa mai saye ya yi zargin ɗaya na 'yan damfara ne. Ƙanenki kuma zai gani, ko ba daɗe ko ba jima, kuma zai fi masa zafi fiye da a ce kin fuskance shi.

Amma ban ce ki jefar da ita kwata-kwata ba. In ranar ta zo ya ƙi, aka sake sa wata ya sake ƙi, to ki buɗe sabon, a fili, da sanin Mama da maigidanki da shi kansa. Ba abu ne mai wuya ba. Ki buɗe asusu da imel ɗin sana'a da sabon layin, ki zaɓi suna gajere mai sauƙin faɗa, ki shiga saiti ki mayar da shi asusun ƙwararru. Za a tambaye ki ko na kasuwanci kike so ko na masu ƙirƙirar bidiyo da rubutu; mai sayar da kaya na kasuwanci ya fi dacewa da ita, sai dai ki sani waƙoƙin da zai ba ki damar ɗorawa a bidiyo sun fi kaɗan saboda haƙƙin mallaka. Wurin bayanin kai harafi 150 kawai yake ɗauka, ki faɗi abin da kike ɗinkawa da yadda ake oda. A Facebook ki buɗe shafi daga asusunki, kada ki ƙirƙiri wani asusun mutum da sunan sana'a, domin ya saɓa wa ƙa'idarsu, ana iya rufe shi, kuma abokai 5,000 ne iyakarsa. Tun daga yau ma, ko me za a yi, ki tara asalin hotunan jakunkunanki a wurinki, ki kuma buɗe littafi ki riƙa rubuta sunan duk wadda ta saya da lambarta da abin da ta saya. Littafin nan babu kamfanin da zai rufe miki shi.

Sai maigidanki. Damuwarsa tana da tushe. Mace in lambarta ta fita a shafin da kowa ke gani, ba masu saye kaɗai ke kira ba, duk macen da ke sana'a a intanet ta san haka. Kada ki yi masa gardama a kan wannan, ki nuna masa yadda za a toshe ƙofar. Lambarki ta kanki ba za ta fita ba sam. Sabon layin za a sa a WhatsApp Business, manhajar da aka fito da ita a 2018 don ƙananan 'yan kasuwa, kuma tana zama a waya ɗaya da WhatsApp ɗinki na yau da kullum muddin lambobin daban ne. A ciki za ki rubuta lokutan aiki, ki sa saƙon da ke amsawa da kansa in kin tashi, ki jera jakunkuna da bayaninsu yadda mai saye zai gani ba sai an yi doguwar hira ba. A Instagram kina iya ɓoye lambar ma gaba ɗaya, a riƙa magana ta akwatin saƙo kawai. Ba dole ki sa adireshin gida ba, ba dole fuskarki ta fito ba, kuma masu ziyartar shafin Facebook ba sa ganin sunan mai kula da shi. Wanda ya kawo maganar banza, a toshe shi ba tare da an amsa ba. Ki zauna da shi da wayar a hannu ki nuna masa waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ki tambaye shi wanne ne bai kwanta masa ba. Namiji in ya ga an ɗauki damuwarsa da muhimmanci, sau da yawa yakan sauko. Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai, cikin girmamawa gare shi: kada a cire makulli daga hannun ƙane a mayar hannun miji. In kina so ya san inda takardar lambobin ko-ta-kwana take, babu laifi, hakan ma hikima ce. Amma imel da layi su kasance da sunanki, saboda dalilan da na faɗa a sama, waɗanda ba su da alaƙa da amanar kowa.

Mama kuwa gaskiya ta faɗa, sai dai ba ta ga ta inda ɓarakar ke shigowa ba. Abin duniya ya riga ya fara shiga tsakaninku tun ranar da kika kwana da maganar nan a zuciya. Ki ce mata gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kina so ne ki ɗauke wa ɗanta nauyi ya yi karatu, ki kuma fara biyansa. Ban ga uwar da za ta ƙi wannan ba. In kina ganin zai fi jin nauyinta, ki roƙe ta ta zauna tare da ku ranar miƙa makulli, ba sai ta ce komai ba.

Kin ce ba ki iya waɗannan abubuwa sosai ba. Wadda ta iya sa zif a jaka ya zauna daidai, saitin waya ba zai gagare ta ba, rashin sabo ne kawai. Ranar zaman ki ce wa ƙanenki kada ya karɓi wayar daga hannunki, ya faɗa ke ki latsa, ko da abin zai ɗauki awa biyu. Ki riƙe ƙa'ida ɗaya da ƙarfi: duk lambar tabbatarwa da ta shigo wayarki, ta Instagram ce ko mai lamba shida ta WhatsApp, ba a karanta wa kowa ita, ko da mai kiran ya ce daga kamfanin yake.

Da zarar ƙofar saƙonni ta buɗe miki, ki fara da matan nan biyu da suka fasa oda. Ki rubuta musu da kanki, ki ba su haƙuri a taƙaice ba tare da kin ɗora wa kowa laifi ba, ki ce yanzu ke mai ɗinkin ce ke amsawa, kuma in har suna so, jakarsu za ki fara yankawa. Sannan ki gangara ƙasa cikin akwatin, domin ina kyautata zaton akwai wasu da suka tambaya suka ji shiru, ba su ma tsaya cewa sun fasa ba. In kun yi zaman, ki sake rubuto min in ji yadda aka ƙare da ƙanen namu, Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa.